Shekara Uku Muna Yi Wa Baba Saje Dariya Kan Abinci



Yau ba sanarwar mitin muka zo da ita ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba. Wani kuskure ne da mu 'yan kwamiti muka tafka, muka ga ya dace mu faɗe shi a fili, domin muna zaton ba mu kaɗai ke yin irinsa ba. Mutum biyun da labarin ya shafa sun ba mu izini, bisa sharaɗin ba za a ambaci suna ko unguwa ba, kuma sunayen da za mu kira su da su a nan ba su ne ake kiransu da su ba. Wanda duk ya gane su ya riƙe a ransa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Duk wanda ya san ƙungiyarmu ya san muna da tsofaffin sojoji da dama. Wasu sun gama aiki a barikokin Legas suka zauna, saboda a nan 'ya'yansu suka tashi. Wasu sun bi ta cibiyar koyar da sana'a ga sojoji masu shirin ritaya da ke Oshodi, suka fito suka kama ɗan kasuwanci. Wasu kuma gadi suke yi a kamfanoni da gidaje suna haɗawa da fansho. Su ne masu tsara mana layi ranar rabon kayan tallafi, su ne kuma masu zuwa mitin tun kafin a jera kujeru. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda za mu kira Baba Saje. Ya haura shekara sittin, ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG a farkon shekarun 1990, daga baya kuma ya je Saliyo.

A duk walimar da muka yi, Baba Saje ba ya zama cikin mutane ya ci. Yakan karɓi farantinsa ya koma gefen bango, a tsaye, kafin wasunmu su gama wanke hannu shi ya share nasa. Sai ya dawo ya karɓi na biyu. Samari suka riƙa cewa cikin soja rumbu ne, mu ma muna taya su dariya. Har akwai ranar da ɗayanmu ya ɗauki makirufo ya ce a ware wa Saje kula guda, domin sauran jama'a su samu. Wuri ya kaure da shewa. Shi kuwa ya yi murmushi ya sara mana irin ta sojoji, muka ɗauka shi ma wasan yana masa daɗi. Shekara uku muna haka.

Bara muka shirya ranar duba lafiya kyauta, da awon hawan jini da suga da nauyi. Niyyarmu alheri ce, amma tsarin ya munana. Mun ajiye sikeli a tsakiyar rumfa, muka sa wani yaro yana karanta kilo da ƙarfi, mu kuma muna rubutawa a littafi. Da Baba Saje ya hau, yaron ya ce casa'in da takwas, wani daga baya ya ce ai tuwon ƙungiya bai tafi a banza ba. A ɓangaren mata kuma akwai wata 'yar uwa, ita ma tsohuwar soja, za mu kira ta Kofur. Tana cikin layi, da ta ga yadda ake shelar nauyin mutane sai ta ce ta bar tukunya a wuta, ta tafi ba ta dawo ba. Muka ce yanga ce irin ta mata.

Bayan mako biyu aka bugo mana waya cewa Baba Saje ya yanke jiki ya faɗi a wurin gadinsa. A asibiti aka ce sugansa ne ya yi ƙasa ƙwarai. Da muka je dubiya, uwargidansa ta ja mu waje ta ce, "Malam Sakatare, ku kuka auna shi a gaban jama'a. Tun ranar bai sa abinci a bakinsa da rana ba, sai ruwan shayi, kuma yana shan maganin sugansa a haka." Muka yi shiru. Ta ci gaba da cewa abin ba sabo ba ne. Shekaru da yawa yana tashi da tsakar dare ya shiga kicin ya rufe ƙofa, ya cinye duk abin da ya tarar, ko sauran tuwo ne, ko burodi, ko gari da suga, har sai numfashi ya yi masa wuya. Da safe ba ya iya haɗa ido da ita. Sai ya yi kwana biyu ba ya cin komai, kamar mai hukunta kansa, sannan abin ya sake dawowa. Ta ce takan tsinci busasshen burodi a ƙarƙashin katifa da cikin tsohuwar jakarsa ta aiki. Tun da ya dawo daga Laberiya yake haka.

Muna da wata nas a reshen mata wadda kowa ke kira Sista. Ita muka kai wa maganar, muna zaton za ta ce haɗama ce ko rashin kiyaye dokar ciwon suga. Ta ce mana abin da Baba Saje ke fama da shi likitoci sun san irinsa, yana cikin cututtukan da ake kira rikicewar cin abinci, kuma a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa ake lissafa su. Uku sun fi shahara. Akwai anoreksiya, inda mutum ke hana kansa abinci har ya rame ƙwarai, yana kuma tsoron ƙiba; tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Akwai bulimiya, wadda wani likitan Ingila mai suna Gerald Russell ya fayyace a 1979, inda mutum ke cin abinci mai yawa lokaci guda, sannan ya yi ƙoƙarin fitar da shi ta amai ko maganin wankin ciki ko hana kansa ci ko motsa jiki fiye da kima. Sai ta uku, cin wuce-iyaka, inda mutum ke ci da yawa ba ya iya tsayawa, a ɓoye, da kunya a bayansa, amma ba ya fitarwa. Ita wannan sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ta a matsayin cuta mai zaman kanta cikin bugu na biyar na kundinta, kuma ma'aunin shi ne abin ya riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku.

Muka ce mata mu dai a saninmu wannan ciwon 'yan matan Turawa ne masu son zama kamar sillen kara. Me ya haɗa shi da sojan da ya ga yaƙi? Sista ta ce ai a Amurka ɗin ma haka aka daɗe ana zato, har sai da masu bincike a asibitocin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙasar suka fara tambayar marasa lafiyarsu kai tsaye. Sun tarar abin da takardun tambaya ke ganowa ya fi abin da ke rubuce a fayil ɗin asibiti yawa nesa ba kusa ba, kuma maza na ciki sosai, musamman a cin wuce-iyaka. Sun kuma ga yana yawan tafiya tare da ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, da baƙin ciki mai tsanani, da cin zarafi ta hanyar lalata a lokacin aiki, wanda ya fi shafar mata amma bai bar maza ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A rundunar sojan ƙasa ta Amurka an daɗe ana auna nauyin soja aƙalla duk wata shida. Wanda ya wuce iyaka sai a kawo tef a auna jikinsa don a ƙiyasta kitse. Shekaru da yawa wuya da ciki ake auna wa namiji, mace kuma wuya da ƙugu da kwankwaso, sai a 2023 aka mayar da awon wuri ɗaya, wato zagayen ciki daidai cibiya. Wanda ya faɗi ana iya dakatar masa da ƙarin girma, in abin ya ci gaba ma a sallame shi. Saboda haka idan ranar awo ta matso, wasu kan daina cin abinci, su sha maganin wankin ciki ko na fitar da ruwan jiki, su shiga ɗakin gumi. Mutum ya yi shekara ashirin yana wannan duk wata shida, ranar da ya cire kaki ɗabi'ar ba ta ciruwa tare da kakin. Ga kuma sabo da cin abinci cikin 'yan mintoci, da rashin sanin yaushe za a sake samun wani idan ana fagen daga.

Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mana a rai, musamman da Sista ta ba mu labarin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minesota tsakanin 1944 da 1945, ƙarƙashin wani masani mai suna Ancel Keys. Samari 36 ne masu ƙoshin lafiya, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami a yaƙin duniya na biyu, suka yarda a rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24. Sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma abin da ya fi ba masu gwajin mamaki shi ne halinsu. Ba su da hira sai ta abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki, suka zama masu saurin fushi da janyewa daga mutane. Da aka sakar musu abinci, da yawansu suka riƙa ci ba tsayawa, har wasu su yi rashin lafiya, kuma sun ɗauki watanni kafin cinsu ya daidaita. Waɗannan ba wanda ya harba musu bindiga, yunwa ce kawai. To ina ga wanda yunwa da tsoro suka haɗu a kansa?

Daga nan muka tambaye ta yadda ake gane ciwon, tunda sikeli bai nuna shi ba, kuma ba gwajin jini ake yi ba. Ta ce da tambayoyi ake farawa. Mafi gajartar takarda ana kiranta SCOFF, likitoci a wani asibiti a Landan suka fitar da ita a 1999, tambaya biyar ce kacal, amsa eh ko a'a. Ana tambayar ko mutum kan jawo wa kansa amai saboda cikinsa ya cika har ya dame shi. Ko yana damuwa cewa ya rasa iko kan yawan abin da yake ci. Ko ya zubar da fiye da kilo shida cikin wata uku. Ko yana ganin kansa mai ƙiba alhali mutane na cewa ya rame. Da kuma ko abinci ya mamaye rayuwarsa. Wanda ya amsa eh sau biyu ko fiye, ana so likita ya zauna da shi. Akwai wata mai tsawo da ake kira EDE-Q, ta Fairburn da Beglin, ta 1994, wadda ke bin kwana 28 da suka wuce, tana auna ƙuntata wa kai abinci, da damuwa kan ci, da damuwa kan siffar jiki, da damuwa kan nauyi, kowace tambaya da maki daga sifili zuwa shida.

Matsalar ita ce akasarin waɗannan takardu an gina su ne kan 'yan mata da mata matasa, domin su aka fi gani a asibiti. Har zuwa 2013, cikin sharuɗɗan anoreksiya a wancan kundi akwai ɗaukewar jinin al'ada sau uku a jere, abin da ba ya da alaƙa da namiji. Alhali tun 1689, da likitan Ingila Richard Morton ya rubuta labarin marasa lafiya biyu masu irin wannan ramar, ɗayansu yaro ne namiji. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna cewa cin wuce-iyaka ya taɓa kama mata 3.5 cikin ɗari da maza 2 cikin ɗari a tsawon rayuwarsu. Tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Kuma a cikin tsofaffin sojojin Amurka mata kusan ɗaya ne cikin goma, wato tara cikin goma na waɗanda za a miƙa wa takardar maza ne, da yawansu dattawa.

'Yan kasuwarmu za su fahimci wannan da sauri. A gida da mudu da tiya muke awo, a nan Legas da derika da robar fenti. Wanda ya auna shinkafa da derika ya rubuta mudu a littafi, lissafinsa ba zai taɓa fita ba. Haka tambayar da ke cewa kana son cikinka ya shafe, ko kana tsoron ƙara nauyi. Mace na iya jin ta ta gane kanta a ciki. Namiji da damuwarsa ita ce ƙirji da damtse, ko wanda ke ci da dare don ya samu barci, zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa, sai makinsa ya fito ƙasa a ce lafiyarsa lau. Shi ya sa masu bincike ke sake gwada takardun a kan tsofaffin sojoji maza daban mata daban, suna duba ko kowace tambaya abu ɗaya take aunawa a ɓangarorin biyu, da ko makin da za a ce ya kai na damuwa ya kamata ya zama ɗaya. An ma ƙirƙiro wasu takardun musamman don maza, masu tambaya kan neman ƙaton jiki.

Mun ga wannan da idonmu. Da Baba Saje ya dawo gida, Sista ta fassara tambayoyin biyar zuwa Hausa, muka je tare da ita, da yardarsa. Amai? Ya ce a'a. Rage kilo shida? A'a. Ganin kansa mai ƙiba alhali ana cewa ya rame? Ya yi dariya ya ce wa zai ce masa ya rame. Da ta zo kan rasa iko, sai ya gyara zama ya ce, "'Yata, soja ba ya rasa iko." Abinci ya mamaye rayuwarsa? Ya ce Allah ya kiyaye, shi ba dabba ba ne. Sifili cikin biyar. Da takarda kaɗai muka bi, da mun yi masa fatan ƙarin sauƙi mun kama hanya.

Sista ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta ce, "Baba, akwai daren da kuke fara ci kuna cewa loma biyu ce kawai, sai ku ga tukunya ta ƙare ba ku san lokacin ba?" Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce kusan kullum. Ta ce me ke tashe ku? Ya ce mafarki. Ya ba mu labarin wani lokaci a Laberiya da hanya ta yanke, suka yi kwanaki ba abinci sai abin da suka tsinta, da wani abokinsa da suka raba gwangwani ɗaya da safe, kafin yamma babu shi. Ya ce idan ya farka daga mafarkin, ba abin da ke kashe ƙarar da ke kansa sai ya cika cikinsa har ya kasa motsi. Game da tsayuwa a gefen bango kuwa, ya ce shi ba ya iya cin abinci alhali akwai mutum a bayansa. Sai ya dube mu ya ce, "Sakatare, da kuke dariya nakan koma gida in kasa kallon kaina a madubi." Ba mu da amsa. Haƙuri kawai muka ba shi, kuma mun san bai isa ba.

Kofur ita ta kawo kanta wurin Sista, bayan ta ji a reshen mata an yi maganar ciwon ba tare da kiran suna ba. Ita tambayoyin sun kama ta nan take, uku cikin biyar. Ta ce bayan haihuwarta ta biyu, tana aiki a lokacin, kaki ya matse ta, abokan aiki suka riƙa yi mata ba'a a filin fareti, suna cewa soja ce ko mai sayar da abinci. Daga nan ta fara shan shayin rage ƙiba da maganin wankin ciki, ta koyi jawo amai bayan cin abinci. Ta yi ritaya shekaru da dama, amma har lokacin tana da tef a cikin jakarta, tana auna ƙugunta kowace safiya. Ba ramammiya ba ce, ba kuma mai ƙiba ba, shi ya sa ko mijinta bai taɓa zargin komai ba. Ranar da ta gudu daga layinmu, ta ce jikinta rawa yake yi har ta isa gida.

To ga mutum biyu, duka sun sa kaki, duka suna shan wahala kan abinci, takarda ɗaya ta gano ɗaya ta tsallake ɗayan. Kuma mun lura akwai abubuwan da suka shafe mu mu kaɗai, waɗanda masu rubuta tambayoyin a Landan ba su yi tunaninsu ba. A wurinmu ƙiba alama ce ta hutu, har wasu mata na shan ƙwayar sha-ka-fashe don su yi jiki, saboda haka tsoron ƙiba ba shi ne kullum ƙofar shiga ba. Doguwar takardar tana tambayar ko mutum ya yi awa takwas ko fiye yana farke bai ci komai ba don ya sauya nauyinsa ko siffarsa. Idan mai fassara ya yar da wannan sharaɗi na ƙarshe, duk mai azumin Ramadan ko na Litinin da Alhamis zai zama mara lafiya a takarda. Ta ɗaya gefen kuma, mai ciwon na iya fakewa da azumin nafila, ba wanda zai tambaye shi. Sannan kalma ɗaya kamar rasa iko na iya rufe bakin dattijo, musamman wanda ya yi rayuwarsa yana ba da umarni.

Muna jan kunnen kowa cewa waɗannan tambayoyi ba sa yanke hukunci. Aikinsu su nuna wanda ya kamata likita ya gani. Kada wani ya karanta wannan rubutu ya je yana yi wa mahaifinsa ko matarsa jarrabawa. Rama ba dalili na iya zama ciwon suga, ko tarin fuka, ko ƙanjamau, ko ciwon daji, ko matsalar maƙoshi, dole a fara bincikar waɗannan. Amma akwai alamun da ba a jira da su. Yawan amai da maganin wankin ciki na rage sinadarin fotasiyam a jini, abin da kan rikita bugun zuciya har ya kai ga mutuwar farat ɗaya, kuma ruwan ciki na cinye haƙora. Mai shan maganin suga da ke tsallake abinci na iya suma, kamar yadda ya faru da Baba Saje. Wanda kuma ya daɗe ba ya ci har ya rame ƙwarai, kada a tsare shi da kwanon tuwo a ce sai ya cinye. Mayar masa da abinci da yawa lokaci guda na da haɗari, a asibiti ake yin sa, sannu a hankali.

Shawo kan Baba Saje ya ga likitan ƙwaƙwalwa ya fi komai wuya. Kun san yadda abin yake a garin nan, da an ambaci Yaba sai mutum ya ce an mayar da shi mahaukaci. Wani tsohon abokin aikinsa ne, wanda ya girme shi a muƙami, ya je ya same shi ya ce, "Saje, da harsashi ne a ƙafarka za ka ce ba ka zuwa a cire?" Shi ya raka shi zuwa na farko. Don amfanin masu neman inda za su, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai na Aro a Abeokuta, kuma asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja suna da sashen. Babban maganin bulimiya da cin wuce-iyaka zama ne da ƙwararre ana tattaunawa, ana gyara tsarin cin abinci da tunanin da ke tunzura shi, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Abu na farko da aka sa Baba Saje shi ne ya riƙa cin abinci sau uku a rana a kan lokaci, kada ya tsallake ko ɗaya, domin yunwar rana ita ke share wa cin dare hanya.

Ba za mu ce muku sun warke sarai ba. Uwargidan Baba Saje ta ce yanzu yakan yi mako biyu bai shiga kicin da dare ba, sai wani daren mafarkin ya dawo. Bambancin shi ne yanzu yana tashinta su zauna tare, kuma bai ƙara suma ba. Kofur ta miƙa wa Sista tef ɗinta, bayan wata ɗaya ta sayi wani, ta kuma zo da kanta ta faɗa. Ta daina maganin wankin ciki, tana ci gaba da ganin likita. A walimar da ta wuce mun ajiye wa Baba Saje kujera a kusurwa, bayansa na jingine da bango, ba tare da mun ce komai ba. Ya zauna ya ci, tare da mutum biyu.

Kwamiti ya zauna ya yanke wasu shawarwari, an kuma shigar da su littafi. Daga yanzu ba za a ƙara auna kowa a bainar jama'a ba, za a keɓe ɗaki, kuma mai nauyin ne kaɗai zai ji adadin. Duk wata tambaya kan cin abinci ko barci ko mafarki ma'aikacin lafiya ne zai yi ta, namiji ga maza, mace ga mata, kuma amsar ba za ta shiga littafin ƙungiya ba. An hana yi wa kowa ba'a kan cinsa ko jikinsa a taronmu, kuma mu shugabanni dokar ta fara hawa. Asusun jin ƙai zai riƙa biyan kuɗin mota ga duk memban da aka tura ganin likita irin wannan, ba tare da an karanta sunansa a mitin ba.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana tunawa da mazan jiya, ana ajiye furanni don waɗanda suka kwanta dama. Waɗanda suka dawo da rai suna nan cikinmu, a sahun masallaci da bakin get ɗin gidajen mutane, kuma yanzu akwai mata da yawa a cikinsu. Idan kuna da irinsu a gida, ku lura da yadda suke da abinci. Mai ci a tsaye, mai ɓoye burodi, mai shiga banɗaki da zarar an gama cin abinci, mai cewa kullum ya ƙoshi, wataƙila yana ɗauke da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ku keɓe da shi ku tambaye shi cikin ladabi, da kalmomin da zai iya amsawa ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba. In ya ce ba komai, ku ƙyale shi, ku sake tambaya wata rana.

Mai son magana da Sista ya sanar da shugabar mata ko sakatariya a asirce, za a haɗa su. Muna sake neman afuwar Baba Saje da Kofur, da duk wanda muka taɓa yi wa dariya a kan faranti ba mu sani ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda ba su dawo ba, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Daga Sakataren Ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.